Dalolin Ma'u Ungozoma

A Gulma ta wancan zamani, ba sai ka tambayi mutum wace ungozoma ce ta karɓe shi ba. Ka bari sai ya tuɓe riga zai shiga ruwa, ka dubi cikinsa. In ka ga cibiya a kwance luf, ta shige ciki kamar an danna ta da yatsa, to hannun Ma'u ne. In kuwa ka ga cibi ya turo gaba yana rigan mai shi shiga ɗaki, wannan a wani gari aka haife shi, ko kuwa uwarsa ta yi faɗa da Ma'u tun yana ciki. Na biyun ma ba abin mamaki ba ne, don Ma'u mace ce mai baki, kuma ba ta taɓa mantawa da shi a gida in za ta fita ba.

Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, kullum zaninta a ɗaure tamau kamar za ta raba faɗa. Mijinta Tamba manomin shinkafa ne, yana ɗan taɓa kamun kifi in ruwa ya janye daga fadama. Shi kuwa mutum ne da in ka ji muryarsa kafin azahar sai ka ce yau Tamba ya tashi da surutu. Mutanen gari suna cewa rabon magana na mutum biyu aka kawo gidan, Ma'u ta riga shi tashi ta kwashe.

Ungozomanci gado ta yi wurin uwarta Baiwa. Abin da Baiwa ta bar mata bai taka kara ya karya ba: aska, da ɗan kaskon gashin cibiya, da daloli uku na azurfa ƙulle a tsumma. Dala ita ce kuɗin sule biyu. Baiwa ta same su tun farkon zuwan Turawa, lokacin da kuɗi ke fari tas, kafin a mayar da su rawaya. Ba ta taɓa kashe su ba, aiki ta ba su. Idan cibiyar jariri ta faɗi aka gama gashi, sai a wanke dala guda da ruwan zafi, a riƙe ta a tafin hannu har ta ɗauki ɗumin jiki, a kwantar da ita a kan cibiyar, a ɗaure da ƙyalle. Nan za ta zauna har arba'in, ana kwancewa lokacin wanka ana mayarwa, sannan ungozoma ta zo ta karɓi abinta ta kai wani gida.

Haka dalolin nan suka zaga Gulma gida gida, shekara da shekaru. Sun kwana a gidajen da ba a ɗora tukunya ba, amma ba a taɓa samun wanda ya kai su kasuwa ba. Ko a shekarar yunwa, da Ma'u kanta ta koma dafa ganye, ba ta kwance tsumman nan don ciki ba. Wanki da gumi suka cinye su. Kan Sarkin Ingila da ke jiki ya shafe sai inuwa, rubutun ya tafi, suka yi siriri, bakinsu ya soma kaifi.

Ita kanta ta haihu, ba sau ɗaya ba. Ɗan fari namiji, ƙyanda ta ɗauke shi yana koyon tafiya. Aishatu ta kai har ta fara tallar gyaɗa, zazzaɓin damina ya tafi da ita. Hodi da Maigandi ba su kai yaye ba. Auta Laure kaɗai ta tsaya. Ma'u mai magana a kan kowa da komai, wannan guda ba ta taɓa shi. In wata ta kawo zancen don jaje, sai ta tambaye ta ko ta ba ɗanta nono, ta tashi ta bar wurin.

Laure ta yi aure a Argungu, gidan masunta, ta daɗe ko ɓatan wata ba ta yi ba. Ma'u ta karɓi haihuwar rabin gari, nata jikan shiru. Matan da ta taɓa zagi suka samu abin faɗa a bakin rijiya, tana ji tana wucewa. Sai ga shi a shekarar da za a ba da mulkin kai, wani mai jirgin ruwa ya zo da saƙo daga Argungu cewa Laure na da ciki, har ya fito. Ranar Ma'u ta rasa inda za ta sa kanta. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta yi wa Tamba faɗa a kan ya zauna inda ta share. Da ta gaji sai ta ɗauko tsumman nan ta kwance, ta zuba wa dalolin ido. Abin da take jira ke nan tun ranar da aka kai Laure ɗaki: ta ɗaura wa jikanta dalar Baiwa da hannunta.

A daidai wannan lokaci ne kuma ake canjin kuɗi. An yi shela cewa gwamnati ta fito da kuɗin ƙasa, tsofaffin za a daina karɓarsu nan gaba, mai su ya kai banki a musanya masa. Masu dawowa daga Birnin Kebbi suka fara shigowa da sababbin sulalla, mutane suka taru suna kallo. Farare ne fes. Tun kafin a haifi yawancin masu kallon sule rawaya ne, tsofaffi kaɗai ke tuna farin kuɗi, kuma farin kuɗin da suka sani azurfa ne. Nan take magana ta bazu cewa mulkin kai ya dawo da azurfa. Ba wanda ya ƙirƙira ta don cuta. Ido ne ya gani, baki ya faɗa.

Ma'u ta karɓi sabuwar dala a hannun wani ɗan kasuwa ta juya ta. Mai kauri, mai nauyi, bakinta a dunƙule ba kaifi, kan Sarauniya ya fito raɗau, bayanta da hoton gyaɗa. Ta tuna ba da daɗewa ba ɗaya daga cikin nata ta karce cikin wata jaririya har ya yi ja. Sai zuciyarta ta ce mata, jikan da aka daɗe ana roƙon Allah, da ƙarfe mai kaifi za a tarbe shi? Ga sabuwar azurfa gwamnati na bayarwa, kai tsohuwa ka karɓi sabuwa. In ta yi sanya har aka rufe canjin, shi ke nan ta rasa. Ba kwaɗayi ne ya kai ta ba, wannan kam a faɗa mata gaskiyarta. So ne ya yi mata yawa har ya rufe mata ido.

Tamba ya sa ta a jirgi suka ratsa fadama zuwa Birnin Kebbi, ruwa ya cika ta, shinkafa ta yi kore har iyakar gani. Ya tsaya gadin jirgi a mashaya, ita ta hau gari.

Bankin ɗaki ne ba wani babba ba, da kanta doguwa da ragar waya a samanta. Mutane sun yi layi har waje, wasu da jakunkunan fata, wasu da tukwanen da aka tono daga ƙarƙashin gado, ƙasa na zuba. Akawun da ke bayan waya wani siririn saurayi ne mai farar riga, sunansa Irimiya. Kirista ne daga ƙasar duwatsu ta wajen Jos, aiki ya kawo shi, yana zaune a unguwar Nasarawa da matarsa. Da layi ya zo kan Ma'u ta kwance tsumma ta tura masa dalolin ta ƙarƙashin waya. Ya ɗauki guda, ya duba, ya ɗago ya dube ta.

"Mama, waɗannan azurfa ne," in ji Irimiya. "Ki mayar da abinki gida ki ajiye. Ko an daina karɓarsu a kasuwa, darajarsu na nan."

"Na san azurhwa ta, ai ba yau anka haihe ni ba," in ji Ma'u. "Sabuwa nika so. Ka ba ni hwarare, irin waɗanda kab ba mutumin da yat tashi nan."

"Sababbin fari ne kawai, Mama. Ƙarfe ne aka haɗa. Babu azurfa a cikinsu ko kaɗan."

Ma'u ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta san akawuna. Ta gan su a bakin sikeli lokacin sayen amfanin gona, ta san yadda suke sassauta murya in za su cuci mutumin ƙauye. A ganinta wannan ma so yake ya ɓoye sababbin don manyan gari.

"To in ba azurhwa ta ba, ɗan nan, mi yas sa kaka ɓoyonta bayan waya?"

Layi ya fashe da dariya. Irimiya ya sake yi mata bayani a hankali, har ya ajiye sabuwa kusa da tsohuwa ya ce ta duba da kyau, farinsu ba iri ɗaya ba ne. Ina, Ma'u ta riga ta hau. Ta juya ta fuskanci jama'a ta ce su shaida, an ce kowa ya kawo tsoho ya amshi sabo, ita ta kawo an hana ta don ba ta da ɗan boko a gida. Ta ce ta karɓi haihuwar waɗanda suka fi shi tsawo, ba yaron da zai koya mata farin ƙarfe. Masu jira suka gaji, aka fara cewa ya ba tsohuwa abinta mana. Gaskiya yaron ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Kunya ta kama shi, ya tura mata sababbi uku, nata kuma ya jefa su a wata jaka dabam da ke ƙarƙashin kanta.

Ta dawo jirgi tana ba Tamba labarin yadda ta yi maganin wani akawu. Tamba ya ce to, ya tura jirgi.

Ba a jima ba matar wani maƙwabcinsu ta haihu. Ma'u ta yi murna, ta samu wurin gwada sabon kaya kafin jikanta ya iso. Ta ɗaura wa jaririn sabuwar dala. Bayan 'yan kwanaki aka kwance don wanka, sai ga fatar da ke ƙarƙashin dalar ta yi ja, da ƙananan ƙuraje a zagaye. Ma'u ta fara da abin da ta saba, ta wanke mai jegon tas da faɗa a kan ba ta tsane yaro da kyau. Ta canza wata dalar. Ƙurajen suka ƙaru, yaro ya hana kowa sakat da kuka. Ta cire, ta shafa masa man shanu, fata ta lafa. Daga nan ta fara zargin dalolin.

Ranar kasuwar Argungu ta shirya, dama za ta je ta ga surukan Laure a tsayar da lokacin da za ta zo gida goyon ciki. Kafin ta isa gidan sai ta ratse rumfar Riskuwa maƙerin fari, tsoho mai ƙera zobba da awarwaro, wanda ya san Baiwa tun yana saurayi. Suka gaisa, ta miƙa masa dala guda ba tare da dogon zance ba. Riskuwa ya saki dalar a kan uwar maƙera. Ta yi ƙara gajeruwa ta yi shiru. Ya ciro wata tsohuwar azurfa daga akwatinsa ya saki, ita kuwa ta yi ta amo siriri har sai da ya ɗora mata yatsa.

"Wagga taki ba ta da murya, Ma'u," in ji shi. "Hwarin ƙarhe na. Ina na Baiwa?"

Ta gaya masa. Riskuwa ya daɗe yana gyara gawayi a wuta, abin da ba ya bukatar gyara.

"To, ya riga ya hwaru," ya ce. "Kak ki damu. Hwatake na zakkuwa da azurhwa daga arewa, in samo miki mai kyau in buga miki daidai cibiya. Azurhwa duk azurhwa ta."

Ma'u ta dubi tsohuwar azurfar da ke kan uwar maƙera. Azurfa duk azurfa ce, haka ne. Amma waɗancan ukun sun kwanta a kan cikin ɗanta na fari. Sun kwanta a kan Aishatu, da Hodi, da Maigandi, sun ɗauki ɗumin jikinsu, sun hau sun sauka da numfashinsu. Kaburburan yaran tuni damina ta baje su, ko ita ba za ta iya nuna wurin ba. 'Yan tsummokaransu an yi wa na baya goyo da su har sun ƙare. Duk duniya ba abin da ya rage wanda ya taɓa fatarsu sai waɗannan daloli, kuma ita da hannunta ta tura su ta ƙarƙashin waya, har da zagin wanda ya ce ta riƙe abinta. Shekarun nan duka tana ɗauke da 'ya'yanta a gefen zani ba ta sani ba, sai yau da babu su. Ta zauna a ƙasan rumfar, a tsakiyar kasuwa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da kowannensu.

Da ta samu kanta ta wanke fuska ta shiga gidan su Laure. Ta tarar da ita ta yi nauyi, ƙafafu sun kumbura, fuska kuwa sai fara'a. Aka gama maganar goyon ciki da surukai. Da Laure ta rako ta zaure sai ta kama hannunta.

"Inna, kin aje min dalak kaka ko? In lokaci ya matso kak ki ba kowa aro. Ni tawa nika so, wadda kinka ɗaura min."

"Suna nan," in ji Ma'u. Ta zare hannunta ta fita da sauri.

A gida ta gaya wa Tamba komai, tana tsaye, ba ta rage wa kanta laifi ba. Ya saurara har ta gama. Bai ce mata ai ga shi nan ba, ya shiga ya ɗauko filafilin tuƙa jirgi. A cikin jirgi ita ce ke ta magana, tana ƙarfafa kanta. Ta ce in dai suna cikin bankin nan to ta same su. Ta ce ko an ɗaure mata ido za ta gane su da yatsa, abin da take shafawa tun tana budurwa.

Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta bi layi har ya zo kanta, sannan ta durƙusa a gaban kanta, gwiwa biyu a ƙasa. Wanda ya san Ma'u a Gulma da ya gani ba zai yarda ba. Irimiya ya leƙo ta saman waya, ya gane ta nan take.

"Tashi, Mama, don Allah tashi."

"Ɗan nan, kai kag gaya min gaskiya, ni niƙ ƙi ji. Na zaka in sai abina. Ko nawa kunka ce, in babu gare ni in sai da gona."

Ya ce ba maganar tsada ba ce. Tsofaffin kuɗin azurfa ana tara su ne wuri guda a aika da su kudu, mota ake jira, amma jakar ba ta tafi ba tukuna. Ya tambaye ta me ke cikin dalolin nan haka. Ta gaya masa a taƙaice, muryarta ƙasa ƙasa don kada layi ya ji. Irimiya ya ce ta zauna a benci. Ya shiga wurin manaja ya daɗe. Abin da ya faɗa a can ba wanda ya sani, amma da ya fito ya ce an yarda, in an sallami mutane za a buɗe mata jakar ta zaɓi nata, ta biya da sababbin da aka ba ta.

Ma'u ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa fuskarsa. A ranta an gama. Tana ganin za a buɗe jaka ne ta ga abinta uku a kwance suna jiran ta.

Da rana ta karkata aka rufe ƙofa, Irimiya ya shigar da ita ta bayan kanta, ya jawo jakar da hannu biyu, ya juye ta a kan tebur. Azurfa ta zubo ta yi tsibi, wasu suna gangarawa yana tarewa. Tsofaffin kuɗin ƙasar ne kaf, na Jega da Kalgo da Bunza da ƙauyukan da ke tsakani, duk wanda wata tsohuwa ta ɓoye a tukunya ta fito da shi saboda shela. Ya taya ta ware dalolin gefe guda. Su kaɗai sun fi ƙarfin ƙwarya.

Duka sun shafe, duka sun yi siriri. Kowace ka ɗauka, inuwar kan sarki ce a jiki ba fuska.

Ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa da babban yatsa, ta ce wannan ce, ta ajiye gefe. Ta ɗauki ta gaba, ita ma haka take. Ta tuna guda tana da ɗan tsagi a baki, ta shiga neman mai tsagi, ta samu masu tsagi sun fi a ƙirga. Ta rufe ido kamar yadda ta yi wa Tamba alkawari, yatsun suka bi ta kansu, ba wadda ta ce mata komai. Ta sansana, ƙarfe da ƙasa kawai take ji. Ta manna wata a kumatu, sanyi ƙalau. Can sai ta fara kira a hankali, bakinta kusa da tsibin, kamar mai tashin yara daga barci. Ta kira Aishatu. Ta kira Hodi, ta kira Maigandi. Na farin ko a nan kunya ba ta bar ta ta faɗi sunansa ba, sai ta ce, "Kai babba, kana ina?"

Irimiya ya juya ya fuskanci taga. Bai hanzarta ta ba, ko da masinja ya leƙo yana kaɗa makullai.

"Ɗan nan," ta ce daga baya, "kai ba ka gane su? Ga hannunka nis sa su."

"Ban gane su ba, Mama. Da na sani da na ware miki su tun ranar. Ki yi haƙuri." Ya nuna tsibin. "Ki ɗauki waɗanda ranki ya fi kwanciya da su. Duka azurfa ce ta gaske. Wataƙila ma naki ne."

"Wataƙila," in ji Ma'u.

Ta zaɓi uku. Ba don ranta ya kwanta ba, don dai hannunta ya tsaya a kansu. Ta kwance sababbin ta ajiye masa, ya karɓa. Sannan ya fara kwashe sauran yana mayarwa cikin jaka, ita tana tsaye tana bin kowace da ido. Ta san abu guda tabbas: in nata ba su cikin tafin hannunta, to suna cikin waɗannan da ake kwashewa, a gabanta, inda hannunta zai kai.

"In an kai su can, mi aka yi da su?"

Irimiya ya so ya yi mata ƙarya, ta gani a fuskarsa. Amma ya ce, "Narkar da su ake yi, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta jira har ya ƙulle bakin jakar. Ta roƙe shi gafarar zagin da ta yi masa a gaban jama'a, ya ce shi bai riƙe ta ba, ya raka ta har bakin titi.

A mashaya Tamba ya dubi fuskarta, ya tambaye ta ko ta samu.

"Na samu azurhwa," ta ce. Daga nan har Gulma ba ta ƙara cewa uffan ba, shi ne ma ya yi ta ƙoƙarin jan ta da zancen ruwa da shinkafa, abin bai karɓe shi ba.

Laure ta zo gida goyon ciki. A makon da ake ta shagalin mulkin kai, 'yan makaranta na zaga gari da ƙananan tutoci, naƙuda ta kama ta da hantsi. Ba ta sha wuya sosai ba. Ma'u ta karɓi jikanta da hannunta, namiji, mai ƙarfin kuka, ta yanke cibiya, ta yi duk abin da ake yi ba tare da kuskure ba. Ta yi murna, murna ta gaske, har ta yi guɗa ita da ba ta iya guɗa ba. Matan bakin rijiya suka zo barka, ta ba su kunu ba ta ko yi musu habaici ba.

Ranar da cibiya ta faɗi aka gama gashi, ɗakin ya cika da mata. Ma'u ta wanke dala guda da ruwan zafi, ta riƙe ta a tafin hannu tana jira ta yi ɗumi. Laure na zaune a bakin gado da yaron a cinya, ta miƙo hannu.

"Ba ni in gani, Inna."

Ba yadda za ta yi, ta ba ta. Laure ta juya dalar a hasken ƙofa, ta shafa ta da yatsa, fuskarta ta washe.

"Wagga ta. Wallahi na gane ta. Da ita nika wasa ina ƙarama kina amshewa. Ita ta tawa ko, Inna? Ita kinka ɗaura muna mu duka?"

Mata suna jiran amsa, suna murmushi. Ma'u ta dubi dalar a hannun 'yarta. Tana iya zama ita ce. Tana iya zama ta wata tsohuwa ce daga Bunza da ba ta taɓa kwanciya a cikin kowa ba. Ba ta sani ba, kuma ta gane a wannan lokacin cewa har ta mutu ba za ta sani ba.

"Ita ta," ta ce.

Laure ta ɗora dalar a kan cibiyar ɗanta da kanta, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"To ka ji, yau ka gaisa da kawunnanka da innarka Aishatu. Duk nan sunka kwana inda kake."

Ma'u ta zagaya ƙyallen ta bayan yaron, ta kama bakinsa biyu za ta ƙulla, ƙullin da ta yi wa rabin Gulma tana hira ba ta ko dubawa. Yatsun suka ƙi. Ta sake gwadawa, bakin ƙyallen ya zame mata. Daga ƙarshe ta miƙa wa Laure ta ce ta ƙulla da kanta, ita yau idonta ba ya gani sosai.